Ƙurar da ta Sha Maganar Sarki

Da sunan wanda ya shimfiɗa ƙasa ya ɗaga sama nake buɗe baki, wanda ya ba tsuntsu fiffike, ya ba kifi ruwa, ya ba marubuci yatsu ya ce tashi ka nemi abincinka. Ku matso kusa, ku gyara zama, ku ji abin da ya sami Tunau ɗan Korau, mai rubutu a fata, mutumin Kwarin Damshi. Ni ne Tunau ɗin, labarin kuwa na hannuna ne na dama, da yadda na ɗauke shi da ƙafata na kai shi ƙasar da ake yanke irinsa.

Ƙasarmu ruwa ba ya ɗauke mata. Takarda in ta shigo, kafin ta shekara ta yi funfuna ta ruɓe, don haka a fatar akuya muke rubutu tun kaka da kakanni. Ita kuwa fata tana da halinta. Komai kankarar da ka yi mata maiƙo na nan kwance, kana ɗora alƙalami tawada ta baje, harafi ya fito da kauri da gashi-gashi a gefe. In mun gama sai mu watsa yashi mai laushi, mu ɗan jira, mu hure da baki. Kowa ya gamsu da haka ban da ni. Ƙin wannan kaurin ya hana ni sukuni har mutane suka fara cewa ina da taɓi. Wani abin da suke faɗa kuma, wanda ban taɓa musawa ba, shi ne ba na yarda da kowa. Innata takan ce ko nononta sai da na sansana kafin in kama.

Wata ranar kasuwa wani baƙo ya tsaya a rumfata, dogo, mai tattausar murya, da amawali har bisa hanci. Ya ce sunansa Anaruwa, falke ne daga Birnin Tamrasa, can bayan Tekun Duwatsu.

"Malam Tunau, an ce kai ne gwanin kwarin nan."

"Wa ya ce?"

"Kowa da kowa."

"Shi kowan ba shi da suna?"

Ya yi 'yar dariya, ya zaro guntun fata daga hannun riga ya shimfiɗa a gabana. Na duba, na sake dubawa, na fita da shi rana. Layi ne siriri kamar silin gashi, baƙi wuluk, gefensa a yanke tsaf, ko ɗigon bajewa babu.

"Ba gwanintar hannu ba ce kaɗai," in ji shi. "Wata farar ƙura ce ake dakawa a birninmu. A goga ta a fata kafin rubutu, ta cinye maiƙon. A barbaɗa ta bayan rubutu, ta shanye tawadar da ta yi yawa. Sarkinmu na neman marubuci baƙo. Ka yi masa aiki sau ɗaya, ka zauna cikin ƙurar nan iyakar ranka."

Daga nan ya shiga tambaya. Ko ina jin yaren sarautar Tamrasa? Na ce ko sunansa ban taɓa ji ba, ya ce madalla. Ko ina da 'yan'uwa maza masu zafin kai da za su biyo sawuna? Na ce babu, ya sake cewa madalla. Duk zancen nan bai dubi fuskata ba, hannuna yake kallo yadda mahauci ke kallon cinyar sa. Jikina ya ba ni akwai wata a ƙasa. Amma layin nan ya riga ya shiga raina ya zauna, sai na ce da kaina ai idona a buɗe yake, mai cutata sai ya shirya. Na ɗaure kurtun tawada da alƙaluma, na haɗa da tukunyata da jakar barkono, don ba na cin girkin da ban ga ɗorawarsa ba, na bi shi.

Muka yi ta tafiya har na sake takalmi. Abin mamaki na farko shi ne Kurmin Hawaye, inda itatuwa ke ɗigar da ƙaro ba dare ba rana, har ƙasar wurin ta zama danƙo. Tsuntsun da ya sauka ba ya tashi. Mutanen kurmin dogayen sanduna suke ɗaure wa ƙafa, su shafe su da mai, sa'an nan su iya takawa, mu ma haka aka ɗaura mana. A tsakiyar kurmin wani reshe ya karye ya faɗo mini a ka, jini ya wanke mini fuska, Anaruwa ko sannu bai ce ba. Can gaba kaɗan na yi tangaɗi, na miƙa hannu zan kama wani icce mai ƙaya, sai ga mutumin nan ya yi wuf ya tare da nasa dantsen, ƙayar ta tsaga shi har gwiwar hannu. Jininsa na zuba, shi kuwa yana juya tafina yana dubawa.

"Alhamdu lillahi, ko ƙwarzane babu."

"Kaina fa, Anaruwa?"

"Kai ai yana warkewa, Malam."

Na ajiye maganar a raina.

Bayan kurmi sai Tekun Duwatsu. A can duwatsu ne ke iyo a kan ruwa, masu huji-huji marasa nauyi, masu fito sukan harhaɗa su da igiya su shimfiɗa tabarma a kai, shi ke nan an yi jirgi. Bakin tekun kuma cike yake da wasu fararen ƙasusuwa masu faɗi, na wani kifi mai hannuwa da yawa da ke yawo da tawada a cikinsa. Ina alwala na hangi Anaruwa yana cika buhuna da ƙasusuwan da gutsattsarin dutsen, kusa da na ƙaro da ya sayo a kurmi. Yana ganin na waiwayo ya ja mayafi ya rufe.

Mun yi nisa da gaɓa sai ruwa ya kumbura, uwar kifayen nan ta ɗago, girmanta ya kai ɗaki. Ta nannaɗe jirgin da hannuwanta, igiyoyi suka fara tsinkewa, masu fito suka kife suna kiran kakanninsu. Hannu guda ya zagayo ƙuguna ya ɗaga ni sama, har muka yi ido huɗu da ita, nata idon ya kai faifai. Ba ni da komai a jikina sai jakar barkono, na kwance bakinta na juye mata duka a ciki. Ta sake ni na faɗo tim, ta amayar da tawada ta nutse, teku ya yi baƙi iyakar ganin ido. Ina kwance ina haki, ina takaicin tawadar da ta ishi marubutan duniya ga ta tana tafiya a banza, sai ga Anaruwa ya rarrafo daga ƙarƙashin buhuna.

"Hannun fa?" in ji shi.

Birnin Tamrasa fari ne fat, ganuwa fara, soraye farare, taga ko ɗaya babu. Kowa da ƙyalle a hanci, mace da namiji. Ba sa musabaha, ba sa tsayawa inda iska ke busowa daga wajen wani, mai shara kuma sai ta yayyafa ruwa tukuna, tana yi tana waige-waige. A tsakiyar birnin ga wasu rumbuna da suka fi kuka tsayi, dogarai sun kewaye su. Na tambaya ko hatsi ne. Anaruwa ya ce, "Magana ce," ya ja ni muka wuce.

A gidansa ya sauke ni, ya yanka mini rago, na ce na ƙoshi. Sa'an nan ya kawo fata da wata 'yar farar batta ya buɗe. Ƙurar fara ce sol, ta fi garin alkama laushi, da ɗan ƙamshin ƙaro. Na goga a fata na ji ta kama yatsa, maiƙon ya tafi. Na feƙe alƙalami na ja alif guda. Jama'a, alif ɗin nan ya tsaya inda na ajiye shi, bai baje ba, bai yi gashi ba. Idona ya kawo ruwa don daɗi. Na barbaɗa ƙurar a kai, ta sha, ta koma ruwan toka. Sai na ɗaga fatar na tattara leɓe zan hure, yadda na saba tun ina ƙarami.

Ban san sa'ad da Anaruwa ya tsallako tabarma ya toshe mini baki da tafinsa ba.

"Kai Malam! Kashe mu za ka yi?"

Na ture hannunsa na ce me na yi.

"Ƙurar da ta sha tawada ta sha magana. Duk wanda ya shaƙe ta, maganar ta shiga ƙirjinsa, in bai san ta a farke ba zai san ta a mafarki. A nan ba a hurewa, Malam, ko da wasa."

Ya ɗauko gashin tsuntsu ya share ƙurar a hankali cikin wata baƙar batta, ya liƙe bakinta da kaki. Irin waɗannan battocin ne cike da rumbunan nan, ta auren kowa, ta gadon kowa, ta shari'ar kowa. Shi ya sa suke toshe hanci. Kowa na tsoron ya shaƙi asirin maƙwabcinsa a tuhume shi, kowa kuma na zargin an riga an shaƙi nasa. Ni dai ban gaskata ba, amma na lura su sun gaskata har cikin ɓargo.

Kashegari da hantsi Anaruwa ya tafi fada, ya bar mini wani ƙato a bakin ƙofa, wai don hidimata. Na haura katangar baya. Tun isowata nake jin sautin daka a birnin, amma wani iri, kamar mai ɗingishi, shi na bi har wani babban gida da suke kira Gidan Turmi. Maza ne birjik, yawancinsu masu furfura, kowa da turminsa, suna dakan ƙashin kifi da dutse mai iyo da busasshen ƙaro, wasu na tankaɗe. Na ce ashe asirin ke nan, har na fara murna, sai na ga abin da ya sa dakan ke ɗingishi. Da hagu kowa ke ɗaga taɓarya. Hannun rigarsu na dama a ƙulle yake daidai wuyan hannu.

Wani tsoho a gefe yana daka yana gunguni da harshen ƙasarmu. Na tsuguna na gaishe shi. Ya dube ni, ya dubi baƙin tawada a yatsuna, ya ci gaba da dakansa.

"Baba, daga ina?"

"Jatau, daga Tudun Gamji, gabas da kwarinku. Harshenka ya nuna ka. Anaruwa ne ya kawo ka?"

"Shi ne."

"Ni ubansa ya kawo ni."

Na ce ya gaya mini don Allah. Ya gyara taɓarya a hammata, ya tura ƙasusuwa cikin turmi da ƙafa.

"Dokar fada guda ce, ɗana. Duk abin da maganar sarki ta shiga, ba ya fita. Alƙalami a rumbu, ƙura a rumbu, hannun da ya rubuta a rumbu. Sun ce kunne na mantuwa, balle na baƙon da ba ya jin yaren, amma hannu ba ya manta abin da ya ja."

Na ce, "In na ɓata rubutun, na ce iyakar iyawata ke nan fa?"

"Wani ya gwada. Aka ce ya raina sarki, aka ɗauki kansa."

"In na yi da hagu?"

"Sai su ɗauki biyun, don kada a yi kuskure."

"Ƙofar birni fa?"

"Je ka gwada."

Ya waiwayi masu dakan da ke kusa, sa'an nan ya ɗaga murya kamar mai hirar banza. "Dokar nan ba ta san babba ba. Shekarun baya Ciroma, ɗan sarki na cikinsa, ya taka burbushin ƙurar da ta zube, ba takalmi a ƙafarsa. Yana nan da ransa, da sanda yake tafiya." Ya dube ni ido cikin ido, ya koma kan turminsa. Na rasa ko gargaɗi ne, ko surutun tsufa, ko kuwa shi ma ajiye shi aka yi don a ji cikina.

Ƙofofin birni na bi su ɗaya bayan ɗaya. Kowace na je, dogari ya kira ni da sunana, ya rusuna ya gaishe ni, ya nuna mini hanyar gidan Anaruwa da ladabi. Na koma na iske maigidan zaune a zaure.

"An sha iska, Malam?"

"An sha."

"Gobe da safe sarki zai gan ka."

Muka yi murmushi, idonsa na kan hannuna.

Da safe aka wanke mini hannu da ruwan turare aka kai ni fada. A ƙofar zauren sarki kowa ya kwance ƙyallen hancinsa ya rataye, don ba a zama gaban sarki da rufaffiyar fuska. Shi kansa sarkin ba a ganinsa, yana bayan wani labule mai kauri da ko iska ba ta ratsa shi, wata doguwar gora mai huji ta fito ta ƙarƙashinsa zuwa inda marubuci ke zama. Aka zaunar da ni, manyan fada suka kewaye ni har gwiwoyinmu na gugar juna. Doka ta hana su kallon fatar, hannuna kaɗai suke kallo, kowa kuma na satar kallon na kusa da shi. Ga Waziri, tsoho mai farin gemu. Ga Sarkin Rumbu riƙe da battoci biyu da gashin tsuntsu, wanda aka ce ko gaisawa ba sa yi da Waziri. Ga Hauni mai yanka, da gungumensa da wuƙarsa, da kaskon mai a kan garwashi don ƙone dungu. Anaruwa na can bayansu yana jiran rigar tukwici.

Na goga ƙura a fata, na kanga kunne a bakin gora. Wata busasshiyar murya ta fara zubo kalmomin da ban san kansu ba, ni kuma ina ɗora su yadda na ji. Wallahi na manta da Hauni. Fatar ta yi lumui, alƙalami na tafiya ba gardama, kowane harafi na tsayawa da ƙafarsa, siririn ya yi siriri, mai ciki ya yi ciki. Abin da na bar gida dominsa, ga shi yana fitowa daga yatsuna. Da muryar ta yi shiru na ɗago na kalli aikin gaba ɗaya, na san ban taɓa yin kamarsa ba, na kuma san ba zan sake ba. A lokacin ne na ji man nan yana tafasa a kasko.

"Tawadar ƙasarmu nauyi gare ta," na ce wa Sarkin Rumbu ƙasa-ƙasa. "A ba ni ƙura da yawa."

Ya harare ni, ya zubo daga farar batta.

"A ƙara, ranka ya daɗe, kada maganar sarki ta ɗiga a ƙasa."

Jin haka ya juye duka. Na baje ta ta rufe rubutun, na jira ta sha, ta fara komawa ruwan toka. Na san tawadar da ke ƙarƙashin ƙurar ba ta gama bushewa ba, in na lanƙwasa fatar haruffan za su manne da juna su lalace. Hauni ya jawo gungume ya gyara masa zama. Sarkin Rumbu ya buɗe baƙar batta, ya miƙo gashin tsuntsu.

Na ɗauki fatar kamar zan miƙa masa, na lanƙwasa ta ta yi kwari irin na indararo, na cika ƙirjina da iska, na hura iyakar ƙarfina ina juyawa a kan gwiwa.

Toka ta tashi ta cika da'irar. Firgita ta sa kowa ya ja numfashi da baki a buɗe. Da ta lafa, gemun Waziri ya koma ruwan toka, hancin Sarkin Rumbu ya yi furu-furu, Anaruwa na tofar da yawu a hannun riga, fadawa sun yi tsuru-tsuru. Ba wanda ya motsa. Kowa na kallon fuskar ɗan'uwansa, yana ganin tasa a ciki. Can sai Hauni ya saki atishawa, wadda ta girgiza zauren.

"Wane ne wannan?" in ji muryar bayan labule, yanzu da harshen da kowa ke ji.

Na gyara murya na ce, "Allah ya ja zamanin sarki, ni baƙo ne, ina da abin da zan..."

Waziri ya danƙe mini gwiwa har farcensa ya shige ni. Idonsa roƙo yake yi.

"Zaki, Hauni ne," in ji shi. "Mura ke damunsa tun jiya."

"An gama rubutun? A liƙe battar a turo mini in taɓa."

Sarkin Rumbu ya dubi baƙar batta, wayam. Ya dubi Waziri. Na ga tsofaffin maƙiyan nan biyu suna lissafi ɗaya a rai: in an yi rubutu, ina ƙurar? In ƙurar na cikin ƙirji, da me ake yanke ƙirji a kai rumbu?

"Allah ya ba ka nasara," in ji Waziri a hankali, "ba a rubuta komai ba. Wannan da aka kawo ba marubuci ba ne. Ko riƙon alƙalami bai iya ba, tun ɗazu zaune yake yana rawar hannu, bai ɗiga ko ɗigo a fata ba."

Sarkin nan bai taɓa yarda da bakin mutum guda ba, don haka ya shiga kiransu ɗaya-ɗaya.

"Sarkin Rumbu, haka ne?"

"Haka ne, Zaki. Batta ma ban buɗe ba."

"Kai da Waziri baki ɗaya yau? Hauni?"

"Haka ne, ranka ya daɗe," in ji Hauni, yana danne wata atishawar da tafi biyu.

"Anaruwa, kai ka kawo shi."

Anaruwa ya dube ni, karo na farko ke nan da ya dubi fuskata. Ya ce, "Na tuba, Zaki. Ruɗina aka yi a kasuwa."

Har na fara sakin numfashi sai muryar ta juyo kaina.

"Kai baƙo. Gaskiya ne ba ka iya rubutu ba?"

Fatar na hannuna a lanƙwashe, ina jin danshin tawada a tafina. Ni Tunau, da na ƙare ƙuruciyata ina faɗa da kaurin harafi, da na ratsa kurmi da teku saboda layi guda. Abin ya yi mini ciwo fiye da yadda na zata. Na ce, "Ranka ya daɗe, ka ji abin da manya suka faɗa."

"Kai nake tambaya."

Na ce, "Ban iya ba."

"To, a fitar mini da jahilin nan daga birni kafin rana ta take. Shi kuma Anaruwa, tunda bai san marubuci ba, a kai shi ya koyi daka."

Waziri ya fizge fatar ya cusa a riga. Muna fita soron waje ya jefa ta cikin garwashin da Hauni ya fito da shi, ya tsaya a kai har ta ƙudundune ta ƙone. Na so in leƙa in ga ko harafi guda ya tsira, ya tare ni da kafaɗa. Manyan Tamrasa suka yi layi a bakin randa suna wanke gemu da kurkure baki, ba mai kallon wani.

Dogarai suka tasa ni gaba, hanyar kuwa ta ƙofar Gidan Turmi ta bi. Jatau na tsaye a bakin ƙofa da taɓaryarsa. Ya dubi hannun rigata na dama, ya ga yatsu na leƙowa, ya jingine taɓaryar da bango. Na roƙi dogaran su bar ni in yi sallama da tsoho.

"Ka hura," in ji shi ƙasa-ƙasa.

"Na hura. Baba, ashe ka sani. Me ya hana ka gaya mini sarai?"

"A birnin nan? Na ba ka labarin ƙafar Ciroma, ai ya isa." Ya kama hannuna da hagunsa, ya juya shi ciki da bai, ya shafa tabon tawadar da babban yatsa. "Layin fa? Ya yi?"

"Ya yi, Baba. Ban taɓa yin irinsa ba."

Ya gyaɗa kai. "Nawa ma ya yi. Ran nan dabarar ta zo mini, har na cika ƙirji da iska. Sai na ce bari in ƙara kallonsa sau ɗaya."

Bai saki hannuna ba sai da dogari ya raba mu. Na waiwaya daga bakin ganuwa, ya riga ya koma ciki.

Iyakar abin da ya same ni a Birnin Tamrasa ke nan, Allah ne masanin abin da na manta. Wanda ya ji, ya sa Jatau na Tudun Gamji cikin addu'a, don har yau ban san ko yana raye ba.